Sokawe da rijiya a gida ɗaya: me ya sa ya kamata a rage ruwan da ke shiga rami?

Da zarar damina ta yi nisa, musamman a watan Agusta, akwai koken da ake yawan ji a unguwannin Ungogo irin su Bachirawa, Tudun Fulani, Rangaza da Rijiyar Zaki: an kora ruwa a banɗaki ya ƙi tafiya, tsakar gida ta ɗauki wari, ƙasar da ke gefen sokawe ta jiƙe ta ƙi bushewa. Mai gida yakan ɗauki wannan a matsayin matsalar gini, ya nemo birkila ko motar kwasar masai. Mu kuwa a asibiti muna ganin ɗaya ɓangaren lamarin, domin a daidai wannan lokacin ne ake kawo mana yara da gudawa, manya da zazzaɓin taifot, wata shekarar kuma har da amai da gudawa. Sau da yawa abin da ya haɗa waɗannan matsaloli biyu shi ne yawan ruwan da gidan ke turawa cikin rami kullum.

Yadda ramin ke aiki

Abin da jama'a ke kira sokawe a haƙiƙa ramuka biyu ne, idan an gina shi yadda ya kamata. Na farko tanki ne da aka shafe cikinsa da siminti don kada ya yi yoyo. Nan bayan gida ke fara sauka. Mai nauyi ya kwanta a ƙasa ya zama laka, maiƙo da kumfa su taso sama, ruwa ya tsaya a tsakiya. Wasu ƙwayoyin halitta da ke rayuwa ba tare da iska ba su ne ke cinye wani kaso na wannan laka a hankali. Daga nan ruwan tsakiyar yake tsallakawa zuwa rami na biyu, wanda aka bar wa ƙofofi a jikin bulo domin ruwan ya tsotse cikin ƙasa.

Tankin farko yana buƙatar lokaci. Masana tsaftar muhalli sun yi ittifaƙi cewa ruwa ya kamata ya zauna a cikinsa aƙalla awa 24 kafin ya wuce, kuma kwana biyu zuwa uku ya fi. A ɗauka tankin gidanku yana ɗaukar lita 3,000, iyali kuma suna tura lita 1,000 a rana. Ruwan zai samu kwana uku yana kwanciya. Idan laka ta cinye rabin tankin saboda an daɗe ba a kwashe ba, saura kwana ɗaya da rabi. Idan kuma a wannan halin aka ninka ruwan da ke shiga, ko kwana ɗaya ba zai samu ba. Sai ya wuce rami na biyu ɗauke da dattin da bai kwanta ba, dattin ya liƙe ƙofofin ƙasa kamar yadda dusa ke toshe rariya, ƙasar ta daina sha. Wannan ne ya sa wani gidan za a kwashe masa rami yau, bayan wata biyu ya sake cika. Abin da ya cika shi ruwa ne da ya rasa hanyar fita.

Tankin ba ya kashe ƙwayoyin cuta yadda mutane ke zato. Ruwan da ke fita daga cikinsa har yanzu yana ɗauke da su da yawa. Babban aikin tacewa ƙasa ce ke yin sa, kuma ƙasa mai iska a cikinta, wadda ba ta jiƙe sharkaf ba. Idan ruwan yana sauka kaɗan-kaɗan, ƙwayoyin cutar suna maƙalewa a jikin ƙasa su mutu kafin su yi nisa. Idan ƙasar ta cika da ruwa, sai su bi shi su yi tafiya mai nisa, su haɗu da ruwan ƙarƙashin ƙasa, wanda shi ne guga ke ɗebowa a rijiya.

Me ya sa abin ya fi damun Ungogo?

A ƙidayar 2006 mutanen ƙaramar hukumar Ungogo sun kusa dubu 370, kuma tun daga lokacin birnin Kano yake ta tafowa yana cinye gonaki. Wurin da a da gero da dawa ne, gida ɗaya nan ɗaya can, yanzu an yanka shi fuloti-fuloti, da yawa awon igiya, babu titi mai kwalta balle babbar magudanar da za ta kwashe ƙazantar gidaje. Kowane gida shi ke kula da bayan gidansa a cikin harabarsa, kuma gidaje da yawa a nan cikin harabar suke samun ruwan sha, ta rijiya ko burtsatse.

Ƙa'idar da hukumomin lafiya da na agaji ke aiki da ita ita ce a bar tazarar aƙalla mita 30 tsakanin ramin bayan gida da rijiya, wato kusan ƙafa 100, kuma gindin ramin ya kasance aƙalla mita ɗaya da rabi sama da inda ruwan ƙasa yake tsayawa. To fulotin da yake ƙafa 50 ta 50, ko ma 50 ta 75, ina zai samu wannan tazara? Ko mai gida ya yi ƙoƙari ya kai rijiyarsa ƙofar gida, sokawe a can ƙarshen baya, yana iya tarar da ramin maƙwabci a bayan katanga, taku biyar daga rijiyar.

Ga kuma damina. Ruwan saman Kano yana sauka ne cikin watanni kaɗan, daga wajen Yuni zuwa Satumba, mafi yawansa a Yuli da Agusta. Rijiyar da a watan Afrilu sai an ƙara igiya, a Agusta ruwanta ya taso. Kamar yadda ya taso a rijiya, haka ya taso a ƙarƙashin sokawe, tazarar nan ta busasshiyar ƙasa da ke tace ƙazanta ta ragu, a gidajen da ke kusa da fadama ma ta ɓace gaba ɗaya.

Mai gida ba zai iya faɗaɗa fulotinsa ba, ba zai matsar da gidan maƙwabci ba, ba zai hana damina ba. Abin da ke hannunsa shi ne adadin ruwan da yake zubawa a ramin.

Cututtukan da ke biyo wannan hanya

Labarin ba sabo ba ne. A shekarar 1854, kwalara ta kashe mutane fiye da 600 a wata unguwa ta birnin Landan. Likita John Snow ya bi sawun gidajen da aka yi rashi, ya gano kusan dukansu suna shan ruwan famfo guda a titin Broad Street. Da aka tona daga baya, sai aka tarar da wani tsohon ramin bayan gida yana yoyo ƙasa da mita ɗaya daga rijiyar famfon. A Najeriya kuwa, a shekarar 2021 hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta lissafa mutane sama da dubu 110 da ake zargin sun kamu da kwalara, fiye da 3,600 suka rasu, kuma Kano na cikin jihohin da abin ya fi shafa tare da Bauchi da Jigawa.

Kwalara ce ta fi tayar da hankali, amma wadda ta fi yi wa iyali illa a ɓoye ita ce gudawar yara mai tafiya tana dawowa, wadda ke hana yaro ƙiba da tsayi. Akwai taifot, akwai atuni, akwai tsutsar ciki. Akwai kuma ciwon hanta nau'in A da nau'in E, masu zuwa da shawara. Nau'in E yana da hatsari sosai ga mai juna biyu: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce idan ya kama mace a watanni ukun ƙarshe na ciki, yana iya kashe ɗaya cikin huɗu ko biyar. Cutar shan inna ma ta bayan gida take yaɗuwa.

Wani abu da ba a cika sani ba shi ne sinadarin naitiret, wanda ke fitowa daga fitsari da bayan gida idan sun ruɓe a ƙasa. Ba shi da launi, ba shi da wari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarsa a miligiram 50 cikin kowace lita ta ruwan sha. Idan ya yi yawa a ruwan da ake haɗa wa jariri madara, yana rage wa jini ƙarfin ɗaukar iska, har leɓe da yatsun jaririn su yi duhu-duhu. Tafasa ruwa ba ta cire shi. Wannan ƙarin dalili ne na shayar da nonon uwa zalla a watanni shida na farko.

Daga ina ruwan yake fitowa?

A gidan da ake amfani da masai na gargajiya, ruwan da ke shiga rami bai wuce na buta ba. A gidan da ake sayen ruwa wajen 'yan garuwa, kuɗin jarka kaɗai ya isa ya hana ɓarna. Matsalar takan fara ne ranar da aka tona burtsatse, aka ɗora tanki, aka sa sola. Ruwa ya zama kamar kyauta, ramin kuwa shi ne dai wanda aka gina lokacin da gidan ke da mutum huɗu.

Mu yi ɗan lissafi da gida mai mutum goma. Tsohon masai na zama yana sakin lita 9 zuwa 13 a kowace kora. Idan kowa ya kora sau biyar a yini da lita 9, an samu lita 450, jarka 18 ke nan ta lita 25, kafin a yi wanka ko wanki. Masai na zamani mai maɓalli biyu yana sakin lita 3 don fitsari, lita 6 don bayan gida, don haka shi kaɗai yana iya rage wannan lissafi da fiye da rabi. Wanda ba shi da halin sauyawa, ya cika gorar ruwa ta lita ɗaya ko ɗaya da rabi, ya rufe ta, ya tsayar da ita a cikin ƙaramin tankin masan inda ba za ta taɓa ƙugiyar ba. Kowace kora za ta ragu da girman gorar. Idan aka ga sai an kora sau biyu kafin ya tafi, a cire ta, domin dabarar ta koma asara. Masai na tsuguno da ake kora wa ruwa da bokiti yakan wadatu da lita biyu zuwa uku idan an watsa da ƙarfi lokaci guda.

Amma babban ɓarawon ruwa, a ganinmu, shi ne yoyon da ba a kula da shi. Famfon da ke ɗiga sau ɗaya a kowace daƙiƙa yana zubar da kusan lita 30 a yini, sama da jarka guda. Masan da robar cikinsa ta lalace, ruwa yana silalowa cikin kwanon dare da rana, yana iya zubar da ɗaruruwan lita a yini, kuma dukansu cikin sokawe suke tafiya. Gwajinsa ba wuya. A zuba ɗan bula ko zoɓo mai kauri a ƙaramin tankin, kada a kora, a dawo bayan minti 15. Idan launin ya bayyana a kwano, akwai yoyo. Kuɗin robar bai kai ko kusa da kuɗin kiran motar kwasa sau ɗaya ba. Wata alamar kuma: idan tankin sama yana wayar gari ya ragu alhali kowa barci ya yi, a bi bututu a duba.

Wanka da shawa yana cin kusan lita 8 zuwa 10 a minti ɗaya, don haka minti goma sun kusa jarka huɗu. Bokiti ɗaya na lita 15 zuwa 20 yana isar babba ya yi wanka tsaf. Haka alwala: wanda ya saki famfo yana zuba tun daga wanke hannu har ƙafa zai kashe ninkin abin da buta ke ɗauka sau da yawa. Malamai suna karantar da cewa Manzon Allah (SAW) yana alwala da mudu ɗaya na ruwa, wanda bai kai lita ba, don haka buta a nan ta dace da sunna ta kuma dace da lafiya.

Sai wanki. Al'adar tara kayan gida duka a wanke ranar Asabar ko Lahadi tana tura ruwa mai yawa cikin 'yan awoyi, ya dama lakar da ta kwanta a tanki ya tura ta gaba. Raba wankin zuwa kwana biyu ko uku ya fi sauƙi ga ramin, ko da jimillar ruwan ɗaya ce. Haka idan ana biki ko suna, gida ya cika da baƙi kwana uku: a ɗage babban wanki zuwa bayan an watse.

Ba kowane ruwa ne na sokawe ba

Ruwan sama ba shi da abin yi a ramin bayan gida. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufin kwano mai murabba'in mita 100, idan aka yi ruwan milimita 30 a dare ɗaya, zai zubo da lita 3,000, daidai da cikin tankin da muka yi misali da shi. Duk da haka akwai gidajen da indararo ke zuba a kan murfin sokawe, ko aka yi daɓen tsakar gida ya gangara wajensa, wasu ma da gangan suke haɗa bututun don kada ruwa ya kwanta. A juyar da indararo, a ɗaga bakin murfin sama da daɓe, a liƙe tsagar da ke jikinsa. Wanda ya tari ruwan rufin a duro ko tanki mai murfi ya samu na wanki da na kora masai.

Ruwan wanka, na alwala da na ɗaurayar kaya ba su kai na masai ƙazanta ba, kuma su ne kaso mafi girma na ruwan gida. Idan da fili, a yi musu nasu ƙaramin rami daban, a cika shi da tsakuwa da fasassun bulo, nesa da rijiya, ko a bi da su gindin bishiya: darbejiya, ayaba, lemo, gwanda. Kada a ba wa latas, kabeji ko duk ganyen da ake ci ɗanye. Ruwan wanke-wanke a tace shi da raga a cire ragowar tuwo da shinkafa, man suya kuma kada ya shiga kowane bututu, domin yana daskarewa ya toshe.

A nan sai mun yi gargaɗi, don mun san abin da aka saba. Sakin ruwan wanka ta rariya zuwa lungu ya kwanta a ƙofar maƙwabci ba rage ruwa ba ne, an dai mayar da matsalar inda yara ke wasa babu takalmi. Kuma ruwan da aka wanke kashin jariri, ko kayan mai gudawa da amai, cikin masai ake zuba shi, komai cikar ramin.

Ruwan da ba a ragewa

Akwai ruwan da likita ba zai taɓa cewa a rage ba: na sha, na wanke hannu da sabulu bayan an fito daga banɗaki ko an yi wa yaro tsarki da kuma kafin cin abinci, na wanke kayan lambu, da na wankan yara. Binciken da aka yi kan annobar kwalarar da ta auka wa Kano a 1995 zuwa 1996 ya nuna cewa waɗanda ba sa wanke hannu da sabulu kafin cin abinci sun fi kamuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar lita 20 ga mutum a rana a matsayin mafi ƙarancin abin da za a rayu da shi, lita 50 zuwa 100 kuma su ne ke biyan buƙatun tsafta yadda ya kamata. Wanke hannu ba ya cin ruwa sosai idan an rufe famfo lokacin da ake cuɗa sabulu. Rage ruwan da muke magana a kai na yoyo ne da ɓarna da ruwan da ya bi hanyar da ba tasa ba.

Kwashe rami da hatsarin da ke cikinsa

Ko an rage ruwa, laka za ta ci gaba da taruwa. Yawancin gidaje suna buƙatar kwasa duk bayan shekara biyu zuwa biyar, gwargwadon yawan mutane da girman tanki, kuma lokacin da ya fi dacewa shi ne bazara, kafin ruwa ya sauka. Famfas ɗin yara, audugar mata, leda da tsumma ba sa ruɓewa, suna cika rami ne kawai. Zuba kalanzir, baƙin mai ko bilic mai yawa don kashe wari yana kashe ƙwayoyin halittar da ke cinye lakar, kuma man yana iya kaiwa ga ruwan rijiya. A tambayi masu kwasa inda za su zubar. Manoman kewayen Kano sun daɗe da sanin darajar taki, amma ɗanyar lakar masai tana ɗauke da ƙwan tsutsar ciki da ke iya rayuwa watanni da yawa a ƙasa, don haka ba ta dace da gonar kayan lambu ba.

Kada kowa ya shiga cikin sokawe, ko da waya ce ko kuɗi suka faɗa. Iskar da ke taruwa a ciki tana sumar da mutum cikin daƙiƙoƙi, kuma sau da yawa wanda ya shiga ceto shi ma ba ya fitowa. Idan mutum ya faɗa, a kira 'yan kwana-kwana nan take. Kada a leƙa da ashana ko aci-balbal, domin iskar tana kama wuta. Murfin da ya tsage a sauya shi kafin ya rufta da yaro, a kuma ɗaura raga a bakin bututun fitar da iska, saboda sauron da ke hana barci a ɗaki a irin wannan ruwa mai datti yake ƙyanƙyasa.

Idan ana zargin ruwan rijiya ya gurɓata

Ruwan da ya sauya launi ko wari bayan an yi ruwan sama mai ƙarfi abin zargi ne, haka idan mutum biyu ko uku a gida suka kamu da gudawa a mako guda. Sai dai ruwa yana iya zama garau kuma yana ɗauke da cuta, don haka gidan da rijiyarsa ke kusa da rami ya riƙa tsaftace ruwan sha duk tsawon damina. A tafasa shi har ya yi ta ɓararraka na minti ɗaya, ko a sa sinadarin kulorin irin su WaterGuard ko Aquatabs bisa umarnin da ke jikin kwalin, a jira minti 30 kafin a sha. A adana a jarka ko randa mai murfi, da moɗa guda da ba a ajiye ta a ƙasa. Jami'an duba-gari na ƙaramar hukuma da hukumar RUWASA ta jihar Kano su ne wuraren da za a nemi shawara kan gwada ruwan rijiya da zuba mata magani.

Wanda gudawa ta kama a fara ba shi ruwan gishiri da sukari tun a gida. Na fakiti ya fi, a narka shi a lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa. Idan babu, a haɗa ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a shafe ba a tula ba, cikin lita ɗaya. Yaro a ƙara masa ƙwayar zinc kwana 10 zuwa 14, a ci gaba da ba shi nono da abinci. Idan gudawar ta zama kamar ruwan shinkafa, ko akwai jini a ciki, ko amai ya hana shan komai, ido ya faɗa, fitsari ya ɗauke, yaro ya yi laushi ya kasa kama nono, a tafi asibiti mafi kusa a wannan lokacin, ana ba shi ruwan a hanya. Mai juna biyu da idonta ya yi rawaya ita ma kada ta kwana a gida. Idan gidaje da dama a unguwa suka kamu lokaci guda, a sanar da asibitin yankin ko a kira layin NCDC na kyauta, 6232.